Yadda ake zagayawa da ɗalibai wuraren tarihin birnin Kano a yini guda

Babu ɗan makarantar da bai san hoton ƙofar Kano ba. Tana kan kalanda, tana bangon littafin rubutu, tana bayan mai karanta labarai a talabijin, tana kan katin gayyatar taro. Amma ka shiga aji ka ce wanda ya taɓa hawa Dala ya ɗaga hannu, ko wanda ya taɓa dafa jikin badala, sai ka ga hannuwan ba su taka kara sun karya ba, har a cikin 'ya'yan cikin gari. Ni malamin tarihi ne a sakandare, kuma na daɗe ina fita da ɗalibai wannan zagaye. Ga yadda nake tsara shi, ko zai amfani 'yan'uwana malamai da iyayen da ke son fita da yaransu. Abu guda nake so yaro ya koma gida da shi: ya iya rarrabe hoton da ake bugawa a takarda da ainihin abin da magabata suka gina da hannunsu, ya kuma san labarin da yake na kunne ya girmi kaka da wanda ke da shaida a ƙasa.

Kafin ranar

Ka zaɓi lokacin da ruwa ya ɗauke, watan Oktoba ko Nuwamba. A Disamba da Janairu hazo yakan rufe gari, ka sha wahalar hawa dutse ka tarar ba a hango komai. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi zai kwantar maka da yara tun kafin hantsi. Kada ka sa ranar Juma'a, domin tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da fada da babban masallaci suke cushewa.

Takardu uku za ka rubuta. Ɗaya ga iyaye. Ɗaya ga Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ka faɗi yawan ɗalibai, ka tambayi kuɗin shiga na 'yan makaranta, ka kuma roƙi a ware maka mai yi wa yara bayani. Ta uku ga masarauta, idan kana son a shiga cikin fada. Wannan ita ta fi ɗaukar lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba, saboda haka ka tsara tafiyarka yadda ko ba a samu izini ba zagayen ba zai rushe ba.

Ƙananan bas biyu sun fi babbar mota ɗaya, don lungunan cikin gari ba a yi su domin doguwar mota ba. Kowane yara goma su sami babba guda, kuma in da 'yan mata a tafiyar, lallai a tafi da malama. Kowa ya zo da gorar ruwa, da takalmi mai kama ƙafa, da littafi da fensir. Kai kuma ka sa tef ɗin awo na magina a aljihu.

Sannan, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka hau adaidaita sahu ka bi hanyar kai kaɗai. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Ɓangaren ganuwar da ka gani bara ba lallai ka same shi bana ba. A wannan fitar ne kuma za ka je ka gaida mai unguwa a gindin Dala, ka shaida masa za ka zo da yara, ka nemi ya haɗa ka da wani ɗan unguwa da zai raka ku sama. Baƙon da ya zo da ɗan gari, tafiyarsa daban ce.

Ni bisa tsarin zamani nake jera wuraren, daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan, ko da hakan zai sa direba ya ɗan yi zagaye yana gunaguni. Yaron da ya ga abubuwa a jere yadda suka faru, ba sai ya haddace shekaru ba.

Dala

Ku kasance a gindin dutsen da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Akwai matakala ta siminti, hawan ba wani mai tsanani ba ne, amma ka sa babba a gaba da babba a baya, ka hana gudu. Saman shimfiɗaɗɗe ne, gefensa kuma yana zaizayewa, don haka da isarku ka nuna musu iyakar da ba a ƙetarewa.

Kada ka fara da bayani. Ka bar su su kalli gari tukuna, su nemo koren ƙubbar babban masallaci ta kudu maso gabas, su nemo Goron Dutse ta yamma, su yi gardamar inda unguwarsu take. In sun gaji da nune-nune sai ka tara su.

A nan nake raba labarin gida biyu, kuma nakan gaya musu ƙarara cewa na raba shi. Na farko shi ne abin da ƙasa ta ba da shaida: masu binciken kayan tarihi sun tono ragowar matoyar tama a gindin wannan dutse, awo ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a wurin. Wato ƙarfe ne ya fara tara mutane a nan, ga ƙasar noma, ga tudun da ake hango abokin gaba tun daga nesa. Na biyu shi ne abin da aka gada a baki, daga baya aka rubuta: Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, ƙaƙƙarfan maharbin da aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka, shi ne mai shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai auku a shekara. Yara na son wannan labari, ni ma ina son sa, kuma ban ga dalilin da zai sa malami ya ɓoye shi don kunyar cewa kakanni sun yi bautar iskoki ba. Sai dai ka kira shi da sunansa.

Daga nan sai maganar shekarar 999, wadda kowane ɗalibi ya haddace a matsayin shekarar da Bagauda ya zama sarki. Yana da kyau su san inda aka samo ta. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci bai kawo shekarun hawa sarauta ba, tsawon mulkin kowane sarki ya kawo. Baturen nan Palmer, da ya buga fassararsa a 1908, shi ya yi ta ɗebe shekarun mulkin yana komawa baya har ya sauka a kan 999. Lissafi ne mai amfani, amma lissafi ne. Ɗalibin da ya gane wannan ya fara zama ɗalibin tarihi.

Kafin ku sauka ka ba su labarin Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Ya hau wannan dutse ya zana garin, ya ƙiyasta mazaunansa da mutum 30,000, ya ce a lokacin cin kasuwa sukan ninka. Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne a zamaninsa gidaje sun taru ne a ɓangaren kudu maso gabas, sauran cikin ganuwar kuwa gonaki ne da fili. Ka ce su duba yanzu su nemo maka gona ɗaya.

Ganuwa da ƙofofi

Nan ne zuciyar tafiyar, kuma nan nake kashe lokaci fiye da ko'ina.

Bisa wancan kundin, Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) ya ƙara faɗaɗawa. Da ta kammala, kewayenta ya kai kimanin kilomita 20. Turawan da suka gan ta a 1903 sun ba da tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma ƙafa 40, ga gwalalo mai zurfi ta waje cike da sarƙaƙiya. Ta ciki akwai tudun da mayaƙa ke tsayawa su yi harbi. An kewaye har da gonaki ne domin in abokan gaba suka yi wa gari zobe, kada yunwa ta ci mutane.

Ka kai su wuri biyu, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko ku tsaya a ɗaya daga cikin ƙofofin da ke kan manyan tituna, irin su Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Nasarawa. Su ɗau hoto, su ji daɗi, ga zankwaye ga dagi. Sannan ka ce wani ya ƙwanƙwasa jikin ginin. Siminti ne da bulo. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina wannan a madadinta, kuma yawancin ƙofofin da mota ke ratsawa layi-layi haka labarinsu yake. Ba na cewa kada a yi titi, gari ya girma, dole motoci su wuce. Amma yaro ya san cewa abin da yake gani a kalanda tuni ne ga ƙofar, ita kanta ƙofar ta tafi. Ta asali matsattsiya ce, daidai wucewar raƙumi da kayansa, mai duhu, an kuma shigar da ita ciki yadda duk wanda ya tunkaro ta zai shiga tsakanin kiban masu tsaro ta dama da hagu. Kowace tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da faɗuwar rana, wanda ya makara sai ya kwana a waje.

Daga nan ku nufi inda ragowar ganuwar ƙasa take, wadda ka riga ka gano a fitarka ta farko. Ɓangaren yamma, daga wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga, Kansakali da Waika, nan ya kamata ka fara nema. Kada ka yi tsammanin abin ƙawa. Tudun jar ƙasa za ka gani, ruwa ya tsattsaga shi, wani wuri an yanke an yi hanya, wani wuri shago ya jingina da shi, wani wuri an mai da shi juji. Yara sukan yi shiru, wani ma ya ce, “Malam, wannan ce?” Ita ce.

Ka fito da tef, su auna kaurin abin da ya rage a gindi, su rubuta, su gwada da ƙafa 40. Ka hana su hawa, ka hana su ɓantara. Ka nuna musu kududdufi in akwai a kusa, don yawancin kududdufan cikin gari ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Sannan ka yi musu tambayar da ta fi kowace: me ya sa ginin ƙasa ya yi shekaru ɗaruruwa a tsaye, amma ya zube a cikin shekara ɗari? Za su ce ruwa. Ai ruwa bai fara sauka a 1903 ba. Amsar ita ce gyara. Da can ganuwa ita ce tsaron ran kowa, don haka in damina ta wuce akan fito aikin gayya a ɗora inda ya zube. Da yaƙi ya ƙare, aikin ya tsaya, sai ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fuloti suka ci gaba da nasu.

A nan ne ya dace ka ba da labarin ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta bi ta Bebeji, ta iso Kano a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Igwa ta yi ta dukan ganuwar ba ta huda ta ba, sai da suka koma kan ƙofa suka karya. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har aka kashe shi a fada. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Sarki Alu kuma aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Shi kansa Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa a lokacin, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irin wannan ganuwa a Afirka ba.

In ɗalibanka manya ne, ka ƙara musu da wannan. Ganuwar Kano tana cikin jerin kayan tarihin da dokar Nijeriya ta kare, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da ƙasar ke fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Sukur ta Adamawa ta shiga a 1999, kurmin Osun na Osogbo ya shiga a 2005. Tsohon garin Agadas a Nijar ya shiga a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27, wadda mutanen garin ba su daina yi wa yaɓe ba. Ka bar su su yi muhawara a mota kan abin da ya bambanta mu da Agadas.

Gidan Makama, fada da masallaci

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta fara zafi, lokacin shiga inuwa ya yi. Gidan Makama an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, yanzu kuma wani sashensa ne gidan tarihi. Mai bayani zai bi da ku ɗaki-ɗaki, daga kayan yaƙi zuwa hotunan sarakuna da ɗakin amarya. Abu biyu nake roƙon kada a wuce su da sauri. Na farko tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana a wurin, domin su ne za su cike wa yara abin da siminti ya ɓoye musu da safe. Na biyu ginin kansa. Ka ce kowa ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ga yadda aka jera azara, ya ga ɗaurin guga, ya kuma lura da sanyin ɗakin alhali babu fanka. Yaran da suka taso a gidan bulo da kwano sukan ɗauka ginin ƙasa ginin talauci ne, sai sun tsaya a ƙarƙashin irin wannan soro.

Fada na kallon Gidan Makama. Rumfa ne ya gina ta, shi ya sa ake ce mata Gidan Rumfa, kuma tun daga lokacin nan ne mazaunin sarakunan Kano, na Haɓe har zuwa Alwali, da na Fulani daga Sulaimanu da Ibrahim Dabo. In ba ku da izinin shiga, tsayawa a filin Ƙofar Kudu ya wadatar. Nan ake Hawan Daushe, kuma hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Ka tambaye su abin da suke gani a jikin sarki ranar hawa. Za su lissafa kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage. Duk Rumfa ake danganta wa su, haɗe da majalisar Tara ta Kano. Ka ja musu kunne tun a mota: a gaida dogarai, kada a ɗau hoton kowa sai an tambaya.

Ku yi azahar a babban masallaci. Ginin da ke tsaye yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, an kammala shi a 1951 a gurbin tsohon na ƙasa. Bayan salla ka ambaci Shehu Magili, malamin da ya zo daga arewacin Afirka a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki, kuma zuriyar da ake dangantawa da shi tana unguwar Sharifai har yau. Abinci kuwa, ko kowa ya zo da nasa, ko ka aika a sayo gurasa a Jakara, yara ba sa ƙin bandashe.

Kurmi da marinar Ƙofar Mata

In yaran 'yan firamare ne, ka tsallake Kurmi. Lungunanta matsattsu ne, yaro na ɓacewa cikin ƙiftawar ido. In manya ne, ka raba su rukuni-rukuni, kowane da babba, ka ba su rabin awa da wurin haɗuwa, su nufi layin masu kayan doki da dukawa da masu sayar da littattafai. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta, nan ne ayarin Sahara ke sauke gishiri da kayan arewa, fataken Gwanja su kawo goro. Ka faɗa musu kuma cewa an sayar da bayi a wannan kasuwa. Yana cikin tarihin, ɓoye shi ha'inci ne.

Ku ƙarasa a marinar Ƙofar Mata kafin la'asar, tun marina ba su tashi ba. Allon da ke wurin ya ce an kafa ta a 1498. Ramukan suna da zurfi sosai, kuma da yawa an daina amfani da su, saboda haka a tsaya a layi, babu turereniya. Ka nemi wani dattijo cikin marinan ya nuna yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a bar su su ruɓa, da yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska. Yara su zuba ido a nan, don zanen yana fitowa da kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi a gabansu. Malamin kimiyya in ya biyo ku zai sami abin faɗa. Ku leƙa mabuga su ji yadda ake dukan zane har ya yi ƙyalli. Irin wannan rini ne Barth ya ce yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma har yau Buzaye na neman turkuɗi da rawani ɗan Kura. Akwai wani abin da ke haɗa marina da abin da suka gani a Gidan Makama: katsin da ake kwashewa daga gindin ramin rini, shi magina ke haɗawa da gashin jima da dafara su yi laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ci.

Mutanen nan sana'a suke yi, ba wasan kwaikwayo ba. Kun tsayar da su aiki, don haka ka tanadi abin da za ka ba wanda ya yi bayani, ko makaranta ta sayi zane ɗaya a rataye a aji.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909, ka bar shi sai wata rana, yaran sun riga sun gaji. Ka ƙirga kawuna kafin mota ta tashi, ku bar cikin gari kafin cunkoson yamma. Washegari a aji, kowa ya kawo awon da ya rubuta a jikin ganuwa, ya zana ƙofa ɗaya yadda take a da bisa ƙyamaren da ya gani, sannan ya je ya tambayi wani tsoho a gidansu ko a unguwarsu yadda badalar kusa da su take lokacin yana yaro, ya rubuto shafi guda da sunan unguwar da shekarun mai ba da labarin.